Daren Hikaya Ɗari a Ƙasar Japan

A zamanin da gidan Tokugawa yake riƙe da ragamar mulkin Japan, daga 1603 zuwa 1868, bayan yaƙe-yaƙen basasa sun lafa, birane sun bunƙasa, buga littattafai kuma ya zama sana'a mai ci, mutanen ƙasar sun shahara da wata al'ada ta hira da suke kira Hyakumonogatari, wato hikayoyi ɗari. Idan dare ya raba, galibi a lokacin zafi, sai jama'a su taru a ɗaki guda, a kunna lagwani ɗari cikin fitilar da aka lulluɓe da shuɗiyar takarda, kowa ya kawo labarin fatalwa ko na wani abin al'ajabi, in ya kai aya ya kashe lagwani ɗaya. Haka haske zai yi ta raguwa, muryoyi na ƙara yin ƙasa, har a zo ga na ƙarshe, wanda suka yi i'tiƙadin cewa mutuwarsa ita ce yayewar hijabin da ke tsakanin rayayyu da matattu. Saboda haka da yawa sukan dakata a na casa'in da tara, su zauna jiran alfijir.

Ana cewa mayaƙan samurai ne suka fara wannan majalisi domin jarraba ƙarfin zuciya. Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne, daga cikin dubban labaran da aka zuba domin tsoratarwa, wanda ya fi daɗewa a bakin mutane labari ne na bege.

Asalinsa daga ƙasar Sin yake, cikin littafin da Qu You ya wallafa wajen 1378. Asai Ryoi ya ɗauko shi ya mayar da shi birnin Kyoto cikin littafinsa Otogi Boko na 1666, littafin da ya kuma bayyana ƙa'idojin majalisin fitilar. A ruwayarsa, wani samurai da matarsa ta rasu yana zaune a ƙofar gida a daren Obon, bikin da suke cewa matattu suna ziyartar danginsu, sai ga wata mace ta zo wucewa, yarinya a gabanta riƙe da fitila mai ado da wani fure da ake kira botan. Suka shaƙu, tana zuwa da dare, tana tafiya kafin asuba, har ran da wani tsoho maƙwabcinsa ya leƙa ta kafar bango ya gan shi yana hira da ƙwarangwal. Wani malamin addinin Buda ya ba shi laya ya manna a ƙofa, zuwanta ya yanke. Amma ilimin haƙiƙarta bai warkar da shi daga shauƙinta ba, domin shi da ƙafarsa ya koma kusa da makwancinta, inda daga baya aka tarar da gawarsa cikin kabarinta, rungume da ƙasusuwa. A ganina nan ne hikimar mawallafin ta bayyana, da ya sa laya ta iya tsare ƙofa ta kasa tsare zuciyar mai gidan.

Ueda Akinari ya bi wata hanyar da ta fi taushi cikin littafinsa Ugetsu Monogatari na 1776, inda wani ya tafi Kyoto fataucin siliki ya shekara bakwai, ya dawo ya iske matarsa Miyagi tana jiransa, suka kwana, gari na wayewa ya farka cikin kango, kabari a inda take kwance. Ba ta cuce shi da komai ba. Alkawari kawai ta riƙe har bayan ajali.

Da ƙarni na goma sha tara ya zo, hira ta tashi daga ɗakin gida ta koma zauren da ake biyan kuɗi a saurara, kuma gwanin wannan fage shi ne Sanyutei Encho, wanda ya rayu daga 1839 zuwa 1900. Shi ya sake ƙera labarin fitilar botan, ya kai shi birnin Edo, ya raɗa wa budurwar suna Otsuyu, ya sa baran saurayin ya karɓi cin hancin zinariya ɗari ya ɓamɓare layar daga ƙofa. Ya kuma ƙara wani abu da masu sauraro ba su manta ba: alhali an saba zana fatalwar Japan ba ta da ƙafa, shi sai ya sa a ji ƙwaƙwas ɗin takalman katakonta yana matsowa cikin duhu. A 1884 masu rubutun gaggawa suka ɗauki lafazinsa kalma da kalma aka buga, wannan kuwa na daga cikin abubuwan da suka koya wa marubutan ƙasar yin adabi da harshen da ake magana da shi a titi.

Encho ya tara zane-zanen fatalwa masu yawa a rayuwarsa. Suna ajiye a wurin bautar Zenshoan da ke unguwar Yanaka a Tokyo, inda kabarinsa yake, kuma a kowane watan Agusta, watan da ya rasu, ana fito da su a rataye domin masu ziyara.