Zamanin da ake buga wa intanet waya

A ƙarshen shekarun 1990, idan wani ofishi a Kano ko Kaduna ya ce yana da intanet, abin da za a tarar shi ne kwamfuta guda a kusurwa, da 'yar akwati mai ƙananan fitilu a gefenta, da igiyar waya da aka jawo daga layin NITEL. 'Yar akwatin ita ce modem. Tana mayar da bayanan kwamfuta sauti, ta tura ta layin da aka yi domin muryar mutum, wata modem a can ɗaya ɓangaren ta sake mayar da sautin bayanai. Shi ya sa shiga intanet ke farawa da buga lamba, sai fito da ƙara da shuuu na kusan rabin minti, na'urorin biyu suna cinikin gudun da layin zai iya ɗauka.

Na'urar ta girmi intanet ɗin kanta. A 1962 kamfanin AT&T na Amurka ya fitar da Bell 103, mai gudun bit 300 a daƙiƙa. A 1981 Dennis Hayes ya kawo Smartmodem, wadda kwamfuta ke ba ta umarni da gajerun haruffa masu farawa da AT, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu har tsarin ya zama na kowa. Gudu ya yi ta hawa, ya kai kilobit 28.8 a 1994, sannan 56 a 1997, sai a 1998 ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta raba gardamar kamfanoni da ƙa'idar V.90.

Kafin Windows 95, mai son shiga intanet sai ya nemo wata manhaja daban, galibi Trumpet Winsock da Peter Tattam ya rubuta a Ostireliya. Windows 95 ce ta zo da sashen Dial-Up Networking a cikinta, kuma a nan ne aikin injiniyan da ke zuwa saita kwamfuta yake. Zai zo da 'yar takarda daga kamfanin da ke sayar da intanet, ɗauke da lambar da za a buga, da sunan shiga, da kalmar sirri, da wasu lambobi rukuni huɗu masu ɗigo a tsakani na DNS. Sai ya gaya wa kwamfuta ta wace ƙofa aka jona modem, COM1 ko COM2. Kuskure a nan na iya sa maus ya daskare da zarar modem ta fara aiki, domin su biyun suna kokawa a kan hanya ɗaya. Daga nan ya duba irin layin: idan tsohuwar cibiyar waya ce mai jin ƙas-ƙas irin na tarho mai juyawa, umarnin ATDP ne, idan sabuwa ce ATDT. A ofishin da ake danna 9 kafin a sami layin waje, dole ya sa 9 da waƙafi a gaban lambar, waƙafin na sa modem ta ɗan dakata.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan samun layin kansa. Hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfanoni 38 lasisin sayar da intanet a 1996, Linkserve ya fara aiki a Legas a farkon 1997, wasu irin su Hyperia da Skannet na Ibadan suna cikin na gaba-gaba. Amma ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 100 ba ta da layukan waya da suka kai rabin miliyan, kuma mai neman sabon layi kan shafe watanni, wani ma shekaru, yana jira. Da yake yawancin kamfanonin a Legas suke a farkon lamari, wanda ke zaune a yankin 064 na Kano ko 062 na Kaduna kan buga 01, ya biya kuɗin kiran nesa a kan kowane minti, ban da kuɗin kamfanin.

Masu wannan sana'a sun haddace lambobin matsala tsaf. In 680 ta fito, babu sautin layi ke nan, ko dai igiya ta fita ko layin ya mutu. 676 na nufin wasu sun riga ka, layukan kamfanin sun cika. 678 an buga ba a amsa ba. 691 kuwa suna ko kalmar sirri ce ba daidai ba, wani lokaci kuma kuɗin wata ne ya ƙare. Akwai dabarar da ƙwararru ke taƙama da ita: idan sautin layi ya yi rauni har modem ba ta gane shi, sai su ƙara X3 a cikin umarni, ta buga lamba ba tare da ta jira ba. Kafin ya tafi, injiniya kan bar wasiyya biyu: “Alhaji, a hana yara ɗaga waya in ana ciki, kuma in hadari ya taso a zare igiyar.” Tsawa ta layin waya take bi, kuma damina ta ci modem ba adadi.

Ko da an haɗu, kilobit 56 ɗin nan a jikin kwali kawai ake ganinta. Tsohuwar wayar tagulla da ruwa ya shiga kan sauko da gudun ƙasa sosai, kuma ko a kan 33.6, hoto guda mai megabait 3 irin na wayar yau zai ci fiye da minti 10. Wannan tsada ta koya wa mutane tsari mai kyau: a rubuta duk wasiƙu a Outlook Express ko Eudora ba tare da an jona ba, a buga sau ɗaya, a aika, a kwaso na shigowa, a katse. Malaman jami'a da 'yan kasuwa masu hulɗa da ƙasashen waje sun gudanar da manyan al'amura da 'yan mintunan nan. Wanda ba shi da layi sai ya nufi kafe, inda kwamfutoci da yawa ke rabon layi ɗaya kafin masu hali su koma tauraron ɗan'adam na VSAT, inda kuma matasa ke kwana saboda arahar dare.

A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layin NITEL ya fara rasa daraja, amma ilimin saitin bai mutu nan take ba. Wayoyin tebur na Starcomms da ake jona wa kwamfuta suna buga #777 ne ta wannan sashe na Windows, 'yan modem na USB da suka cika kasuwa daga baya kuma *99# suke bugawa, da umarnin AT na Hayes a ƙarƙashi. Yaran da suka koyi aiki a kan 680 da 691 su ne suka riƙa saita waɗannan. A Amurka, kamfanin AOL bai rufe intanet ta layin tarho ba sai ranar 30 ga Satumba, 2025.