Batir a Tsakiyar Teku: Daga Ruwan Batir Zuwa Lithiyum 🧵

1/ Akwai mutanen da jirgin ruwa ne gidansu, suna shekaru suna yawo a teku. Can babu NEPA. Firji, fitila, rediyon neman agaji, na'urar nuna hanya, duk batir ke riƙe da su. In ya mutu da dare, rai ne a kan layi. Ku biyo ni.

2/ A 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa kwale-kwale mai lantarki a kogin Neva na Rasha, ɗauke da mutum 14. Matsalarsa, batirin ba ya caji, in ya ƙare shi ke nan. Ga kuma hayaƙi mai guba.

3/ A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙera batirin dalma da asid, na farko mai ɗaukar caji. Wannan asid ɗin ne muke kira ruwan batir. Jikansa ne ke cikin motarka yau.

4/ Amma yana da sharaɗi. In ka zuƙe shi ƙasa da rabi, ka bar shi ba caji, wani gishiri na daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya tafi ba dawowa. Shi ya sa matuƙa ke cewa: ka sayi 400Ah, naka 200 ne.

5/ Daga nan suka koyi raba batir gida biyu: na tada inji daban, na hidimar gida daban. Ko firji ya cinye na gida, inji zai tashi.

6/ A 1990s tawagar John Goodenough a Jami'ar Texas ta fito da LiFePO4. Ya fi sauƙin nauyi, ana iya shan kusan kashi 80 nasa. Sai dai tsada, dole na'urar BMS ta tsare shi, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara.

7/ A 2012 jirgin PlanetSolar ya kammala zagaye duniya da sola da batirin lithiyum kaɗai, daga Monako zuwa Monako.

8/ In batirin inbatarka na dalma ne, dokar rabi ta shafe ka. Kada ka jira ya yi ƙara kafin ka kashe firji.