Tushen "appraise" farashi ne

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a bakin wasu malaman Turanci, wai aikatau appraise ba komai ba ne illa praise, wato yabo, da aka liƙa wa ɗafa-goshi. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya shiga ofishin shugabansa ranar appraisal, wato ranar auna aikinsa, yana jiran a yaba masa. Da wuya wannan fahimta ta jure bincike.

Asalin kalmar sananne ne, ƙamusun Oxford sun fayyace shi: ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci aprisier, shi kuma daga Latin appretiare, wanda saiwarsa pretium, wato farashi. Daga wannan saiwa price da precious da appreciate suka tsiro.

Masu waccan fahimta suna da hujja guda mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Sun ce ita ma praise daga pretium ta fito, kuma tasirinta ne ya ba appraise siffar da take da ita yau. Hakan gaskiya ne. Sai dai a wancan zamani praise tana ɗauke da ma'ana biyu, yabo da yi wa kaya kuɗi. Daga baya ta saki ta biyun, appraise kuwa ta riƙe ta. Dokar Sikotilan ta dā shaida ce babba: a can apprising sunan matakin shari'a ne na kimanta filin wanda bashi ya ci a miƙa wa mai bin sa, har zuwa 1672 da aka kawo wani tsarin a madadinsa. Ba a ga alamar yabo a wannan zama ba. Aikin ya fi kama da na dillalin shanu, mai buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya latsa tozo, sannan ya faɗi kuɗi.

Iyakar abin da hujja ta bari a ce shi ne kusancin appraise da praise a siffa yake da kuma saiwa. Ita kuwa apprise ta yau, mai nufin sanarwa, daga appris na Faransanci ta zo a ƙarshen ƙarni na 17, wata zuriya ce dabam.

Wanda aka ce ya yi appraise na gida ko zinare ko aikin ma'aikaci, ƙima aka nema ya yanke, ko ta hau ko ta sauka. Haka ya kamata malamai su koyar da ita a aji.