Jari, Horo da Uwar Ɗaki: Darasin 'Yan Taru na Hubbare ga Masu Tallafa wa Sana'ar Mata

Tun daga 2011, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da gasar YouWiN, Nijeriya ba ta rasa wani shiri na tallafa wa masu son fara sana'a ba, kuma kusan kowanne yana da kason mata. A 2012 aka keɓe zagaye na biyu na gasar ga mata zalla. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya kafa asusun naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. Gidauniyar Tony Elumelu ta shigo a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara 10, tana ba wanda ta zaɓa horo da mai ba shi shawara da jarin dala 5,000 wanda ba rance ba ne. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 a 2018 domin shirin mata a jihohi 6, ciki har da Kebbi da Neja, sannan ya ƙara miliyan 500 a 2023 don a faɗaɗa shi. Duk da wannan, ƙididdigar talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa jihar Sakkwato a kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta.

Irin waɗannan shirye-shirye sukan yi alkawarin abu uku: horo, jari, da jagoranci. Na farko da na biyu suna da sauƙin lissafi. Ana iya ƙirga matan da suka zauna a zaure kwana uku, ana iya ƙirga kuɗin da ya shiga asusunsu, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Na ukun ne ba ya ƙirguwa cikin sauƙi, shi ya sa yakan zama layi ɗaya a ƙarshen takarda. Hujjar wannan maƙala ita ce, na ukun nan shi ne ginshiƙin, shi ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, kuma birnin Sakkwato yana da tsohon tsari na jagorancin mata, mai cibiya a Hubbare, wanda ya nuna yadda ake gina shi ya daɗe.

Bari mu fara da abin da bincike ya nuna, domin kada a ce son tarihi ne kawai ke magana. Masana tattalin arziki Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun raba jari kyauta ga masu ƙananan sana'o'i a Siri Lanka, suka bi sawunsu. Ribar maza ta ƙaru sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. A Ghana an sake gwajin a Akara da Tema, aka raba mutanen gida biyu: wasu aka ba su tsabar kuɗi, wasu aka saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗin. Matan da aka ba kaya sun ci gaba, musamman waɗanda dama sana'arsu ta ɗan kama ƙasa, waɗanda aka ba tsaba kuwa ba a ga canji ba. A 2019 Arielle Bernhardt da abokan aikinta suka koma kan alƙaluman, suka gano cewa kuɗin matan sau da yawa ba ɓacewa ya yi ba, sana'ar maigida ya koma. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Kuɗin da ke hannun mace kowa ya san da shi: ga rashin lafiyar yaro, ga gudummawar biki da ake binta, ga maigida da zai ce a ranta masa zuwa ranar kasuwa. Shari'a ta tabbatar mata da mallakar dukiyarta, amma kunya da zaman tare ba sa barin ta ta ce a'a. Keken ɗinki ko injin markaɗe ba ya gutsuruwa kamar yadda naira dubu hamsin ke gutsuruwa.

Binciken da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson, wanda aka buga a 2018. Sun yi aiki da mata masu sabbin sana'o'i a unguwar Dandora ta birnin Nairobi. Wasu aka sa su aji aka koya musu lissafi da tallata kaya, wasu aka haɗa kowacce da wata mace ta unguwar wadda ta daɗe a irin wannan sana'a. 'Yan aji sun koyi darasin, amma ribarsu ba ta ƙaru ba. Waɗanda aka haɗa da gwanaye ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100. Abin da gwanayen suka ba su ba wani ilmi mai zurfi ba ne, sanin gari ne: wurin wa ake saro kaya da sauƙi, wane ne ba ya algus. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi. Da alaƙar ta yanke, ribar ta koma inda take. Wato jagoranci yana aiki matuƙar yana raye, kuma tambayar da ta rage ita ce yadda za a yi ya daɗe bayan masu tallafi sun naɗe tabarmarsu. A nan ne Sakkwato ke da abin faɗa.

Hubbare gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, a nan aka rufe shi a 1817, kuma kusa da shi aka rufe 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Tsakanin shekarun 1830 da 1840, Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta fuskanci matsalar da ta yi kama da tamu ta fuskar tsari: dubban mata a ƙauyuka, da yawansu sababbin shiga cikin daular bayan yaƙe-yaƙe, ba su da karatu, kuma ba za su iya barin gidajen aurensu su zo birni ba. Ba ta tara su a zaure guda ba. Ta zaɓi dattijai mata masu mutunci daga cikin garuruwansu, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani domin kowa ya san da izinin wa take tafiya. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka wuce haihuwa zuwa Sakkwato, su ɗauki karatu a cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, su koma su isar wa matan da ke cikin gida. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa mabuƙata. Da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, bayanta Ta Modi ta karɓa. Jean Boyd, wadda ta zauna shekaru masu yawa a Sakkwato ta kuma wallafa tarihin Asma'u a 1989, ta tarar da ayarin matan ƙauye suna zuwa Hubbare wurin modibbai, wato malamai mata, fiye da ƙarni guda bayan rasuwar wadda ta kafa tsarin. Ya tsallake zuwan Turawa a 1903, ya tsallake mulkin mallaka gaba ɗaya, ba da kasafin kuɗin kowa ba.

Dole a faɗi gaskiya: 'Yan Taru makarantar addini da tarbiyya ce, ba ƙungiyar kasuwanci ba, kuma wanda ya ce Asma'u ta kafa shirin koyar da sana'a ya ƙara wa tarihi abin da babu. Abin da ake iya ɗauka daga gare ta shi ne yadda ta warware matsalar isar da sani. Jagorar 'yar gari ce, ba baƙuwa ba, don haka maigida ba ya tsoron ta shiga gidansa. An ba ta daraja a bainar jama'a, abin da ya sa aikin ya zama abin riƙewa har mutuwa. Tana da cibiyar da take komawa a kai a kai ta sabunta saninta. Kuma darasin yana cikin harshen masu koyo, a sigar da ba ta buƙatar takarda. Idan aka auna yawancin shirye-shiryen yau da wannan ma'auni, sai a ga sun juya shi a baibai: mai horarwa daga Abuja ko Legas yake, yana magana da Ingilishi, fom ɗin neman shiga yana intanet, mai ba da shawara kuwa sunansa kawai aka turo a waya. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a wani lungu na bayan Hubbare ba za ta ma ji labarin ba, balle ta cika fom.

Kuma ba a ce matan nan ba su san ciniki ba. Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa akwai babbar kasuwa da ba a gani a cikin gidajen Hausawa, inda mata ke sayar da hatsi da mai da abinci daga ɗaki zuwa ɗaki. A Sakkwato ma haka abin yake: man gyaɗa, daddawa, fura, ɗinkin hula, kiwon jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Akwai uwar adashi mai riƙe amanar kuɗin mata talatin ba tare da rasit ba. Akwai dillaliya wadda ta san farashin atamfa a kowane gida. Akwai tsohuwar al'adar uwar ɗaki, inda yarinya ke jingina da babbar mace, ta yi mata hidima, ita kuma ta tsaya mata a sha'anin rayuwa. Jajin kasuwanci suna nan da ransu. Ba a dai taɓa rubuta su a kasafin kuɗin wani shiri ba. Ƙungiyoyin ajiya da rance na shirin Bankin Duniya sun kusanci wannan tunani, domin adashi ne aka yi wa littafi da akwati, kuma wannan abin yabo ne, amma ƙungiyar da duk membobinta sababbin hannu ne ba za ta koya wa kanta inda ake saro gyaɗa da sauƙi ba.

Akwai masu cewa wannan ƙaramin tunani ne, cewa abin da ke fitar da al'umma daga talauci shi ne jari mai kauri. Suna da hujja. McKenzie ya bi sawun zagayen farko na YouWiN, inda mutum 1,200 suka sami kimanin dala 50,000 kowanne, ya ga cewa kamfanoninsu sun fi rayuwa, sun fi ɗaukar ma'aikata. Ban musa ba, kuma 'yar Sakkwato mai digiri da ke son kafa masana'antar sarrafa albasa ko fata ta cancanci irin wannan kuɗi. Amma mutum 1,200 a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba su ne batun ba. A ɗaya gefen kuma akwai naira 10,000 da shirin TraderMoni ya raba wa ƙananan 'yan kasuwa, wanda hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024 ta mayar da irinsa kuɗin cefane. Tsakanin waɗannan biyun ne mafi yawan mata suke, kuma a wurinsu jari ba tare da jagora ba kamar dashen albasa ne a fadamar Rima a bar shi ba ban ruwa.

Wata matsalar da ba a cika ambata ba ita ce talla, kuma ita ce ta fi damuna. Enid Schildkrout ta nuna tun shekarun 1970 a Kano cewa cinikin matar kulle a kan 'ya'yanta yake tafiya. Idan aka ninka wa uwa jari, ta ninka abin da take soyawa, to farantin da ke kan 'yarta ne ya ƙara nauyi, kuma makaranta ce za ta biya. Shirin da ya ɗaga uwa ya kayar da 'ya bai yi aikin Asma'u ba, ya warware shi ne. Malamin aji ba zai ga wannan ba, domin ba ya shiga gida. Uwar ɗaki tana gani, kuma ita ce ke iya haɗa matar da mai shago ko dillaliya mai sayen kaya a dunƙule, ko ta nuna mata yadda ake karɓar oda ta waya, har yarinyar ta sami zuwa aji.

Tsarin yana da nasa haɗari. Gwana na iya ƙin koya wa wadda za ta zama kishiyarta a kasuwa, ko ta mayar da ita 'yar aiki ba lada. Maganinsa shi ne a biya jagora hakkinta a fili, a haɗa ta da mata daga wata unguwa, a kuma ɗaura wani kaso na ladanta a kan ko sana'ar ɗalibarta tana raye bayan shekara 2. Rashin tsaro a gabashin jihar, a Isa da Sabon Birni da Goronyo, ya sa tafiyar ayari irin ta da ta yi wuya, amma hakan ƙarin dalili ne na a dogara da wadda ke zaune cikin gari. Ba kuma ina kira a kafa ofis ko a rataya allon wata ƙungiya a Hubbare ba. Wurin ziyara ne da addu'a, a bar shi da alfarmarsa, kuma kada a ari sunan Nana Asma'u a yi ado da shi a kan takardar neman kuɗi.

Saura batun daɗewa. Tallafin waje yana da wa'adi, shekara 3 ko 5, gwamnati kuma tana sauyawa. Abin da ba ya ƙarewa a tsarin Musulunci shi ne waƙafi, kuma jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda ta saba raba jari da kayan sana'a ga mabuƙata. Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata, amma waƙafi yana bin sharaɗin mai bayarwa. Rumfuna kaɗan a kasuwa da aka tsayar domin kuɗin hayarsu ya riƙa biyan jagororin mata zai yi abin da taron horo ɗari ba zai yi ba. Masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma su bi sawun matan, su auna, su faɗa mana inda tsarin ya yi aiki da inda ya gaza.

Kirana ga hukumar, da Majalisar Sarkin Musulmi, da ƙungiyoyin mata irin FOMWAN, da attajiran Sakkwato, da duk mai rubuta takardar neman tallafi da sunan matan wannan jiha: a rage kuɗin zauren taro da alawus, a ba da jari a kaya, a nemo gwanayen da ke cikin unguwanni a naɗa su a gaban jama'a, a kuma ware musu lada na aƙalla shekara 2 tun a shafin farko na kasafin kuɗi.