Kariyar Nasara da Sarautun Gulbin Maraɗi: Nazari kan Gyaɗa, Lanho da Gadon Sarauta

Gabatarwa

Manyan daulolin Turai suna da wata dabara da suka sha amfani da ita a ƙasashen da suka yi kwaɗayi. Sukan tarar da sarki a kan gadonsa, su yi masa alkawarin tsaro, shi kuma ya sakar musu hanya da kasuwa da albarkatun ƙasa. A watan Janairu na 1899 Shaihu Mubarak al-Sabah na Kuwait ya yi wa Ingila alkawarin ba zai karɓi wakilin wata daula ba, ba kuma zai sayar ko jinginar da wani yanki na ƙasarsa ba sai da yardarta. A 1913 alkawarin ya haɗa da man fetur, alhali sai a 1938 aka tono man a Burgan.

Irin wannan ciniki ya auku a Gulbin Maraɗi, sai dai man da Faransa ta nema a nan na gyaɗa ne. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, kariyar da Nasara suka ba Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri ta tsare hanya da haja fiye da yadda ta tsare sarakunan. Ta kuma raba sarki da mutanen da a da suke da ikon taka masa burki.

Ƴancin da ya zama hujjar mallaka

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajejen 1807, zuriyar sarakunanta sun yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zaunar da sarautar a Maraɗi wajejen 1819. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, sun kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Garuruwan biyu sun shafe ƙarnin nan suna kai wa ƙasashen Daular Sakkwato hari, musamman a zamanin Ɗan Baskore, ba su taɓa yi mata mubaya'a ba.

Wannan tsayin daka shi Faransa ta mayar hujjarta a teburin rabon ƙasa. Sanarwar Ingila da Faransa ta Agusta 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Baruwa, ta bar wa Ingila duk abin da yake mallakin Sakkwato. Yarjejeniyar 1898 ta tura Faransawa can arewa cikin ƙasar da ruwa ke wuya, ayarinsu na shan baƙar wahala tsakanin Kogin Kwara da Damagaram. Suna bukatar hanya mai rijiyoyi da hatsi, hanyar kuwa ta ƙasar Maraɗi ta bi. Sai suka kafe a kan cewa Maraɗi da Gobir ba su taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Musulmi ba, don haka Ingila ba ta gaje su ba. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, wadda a cikinta Faransa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, an amince a bar mata mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram. Tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, jami'inta Landeroin kuma ya tattara tarihin sarakunan daga bakin fadawa. Babu Bakatsine ko Bagobiri ko ɗaya a wurin da aka yanke wannan hukunci.

Mutanen yankin sun riga sun ga abin da ƙin yarda ke jawowa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ta bi ƙasar tana ƙone garuruwa har Maijirgi. Duk sarkin da aka yi wa tayin kariya bayan wannan shekara ya san daga hannun wa ake kare shi.

Sarki tsakanin masu naɗi da kwamanda

Kafin zuwan Nasara, Sarkin Maraɗi ba shi da cikakken iko shi kaɗai. Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi su ke zaɓensa, suna kuma iya juya masa baya. A Tsibiri Taran Gobir ke da wannan hurumi. Iya a Maraɗi da Inna a Gobir suna da tasu fadar da nasu mabiya. Ƙarfin Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarni na 19 ya kai har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa. Tsarin yana da rikici, amma sarkin da ya rasa goyon bayan manyan ƙasa ba ya daɗewa a gado.

Faransa ta bar rawani da tambura da dogarai, ta ɗauke ainihin ikon. Naɗi da tuɓewa suka koma hannun gwamna bisa shawarar kwamanda. Aka jera sarakuna hawa-hawa kamar ma'aikata, daga mai lardi zuwa mai kanto zuwa mai gari. Yaƙi, wanda shi ne tushen dukiyar fada, ya ƙare. Abin da ya maye gurbinsa shi ne albashi da kason da ake ba sarki daga lanho, wato harajin da ya tara. Abin da ya faru a Damagaram ya ishi kowa darasi: a 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla tawaye, aka kai shi Kwaddebuwa, aka ɗora Ballama, bafaden gidan, a kan mutane, ba a maido da sarautar ba sai 1923. Daga nan sarki ya daina tsoron Ƙaura, ya koma tsoron kwamanda. Talaka kuwa ya rasa ƙofar da zai kai kuka.

Gyaɗa: abin da ake karewa

Masana'antun mai da sabulu na Marseille da Bordeaux suna neman gyaɗa, dokar Faransa ta 1933 kuma ta fifita wadda ta fito daga ƙasashen da take mallaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai Maraɗi ta zama kusa da teku fiye da yadda taswira ke nunawa. A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamanda daga Tasawa aka kawo Maraɗi. Kamfanonin CFAO da SCOA da CNF suka buɗe kantuna, Kwarori suka biyo baya. A 1942, lokacin da yaƙi ya toshe hanyoyin ruwa, aka kafa matatsar man gyaɗa ta SICONIGER a garin.

Yadda abin ke tafiya a ƙauye a wancan lokaci shi ne zuciyar maganar. Lanho da tsabar kuɗi ake biyansa, kan kowane baligi, lokacin karɓarsa kuma ya dace da kaka. Magidanci a Jiratawa ko wani ƙauyen Gulbi yana da gero a rumbu, amma gero na ci ne. Don haka dole ya ware gona ya shuka gyaɗa, sau da yawa da irin da hukuma ta ba shi bashi. In an cire an tsinke, matan gida su kwana suna ɓara. Ya ɗora buhu a jaki ya kai wurin awo, inda yaron kamfani ke zaune gaban sikeli da kuɗin da maigidansa ya ba shi. Farashi an riga an yanke shi a wani wuri. Kuɗin ba ya kwana a aljihunsa, don mai gari na jira, dogarin sarki na tsaye. Abin da ya rage ya koma kantin kamfanin nan dai, a sayi atamfa da gishiri da kananzir. Har zuwa 1946 kuma, ta hannun sarakunan ake ɗibar mutanen aikin tilas da ke gyaran hanyar da motocin gyaɗa ke bi.

Kwamanda ɗaya da ƴan ma'aikatansa ba za su iya wannan aiki a ɗaruruwan ƙauyuka ba. Sarki ya san kowane gida, maganarsa tana da nauyin da takardar Nasara ba ta da shi. Wannan nauyi, wanda aka tara tun zamanin kakanni, shi aka kashe wajen tara gyaɗa. Ko hanyar fitar da ita sai da aka sa mata hannu: daga 1953 shirin Hirondelle ya karkatar da kaya zuwa Parakou da Kwatano, don ribar sufuri ta tsaya a yankin kuɗin Faransa maimakon Kano da Ikko.

Abin da Maraɗawa suka yi da nasu hannu

Adalci ne a faɗi cewa zaman lafiya ya buɗe daji ga manoma, mutane suka fita daga cikin ganuwa suka kafa sababbin ƙauyuka. Bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a kwari, aka sake gina Maraɗi a tudu. Daga cikin yaran kamfani da dillalan gyaɗa ne aka sami attajiran da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi. Da gyaɗa ta durƙushe sakamakon farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka mata a 1975, waɗannan alhazai suka juya ga kasuwancin iyaka da Katsina da Kano, wato zumuncin da layin Tilho ya so ya yanke. Wannan arziki ƙwazonsu ne ya samar da shi.

Daga rawani zuwa fadar shugaban ƙasa

A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Gwamna Colombani ya jingina da sarakuna don karya jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa. Shekara guda kafin nan aka gano yuraniyom a Azelik. Yarjejeniyar tsaro ta Afrilu 1961 ta ba Faransa fifiko a kan man fetur da yuraniyom na Nijar, ita kuma ta ɗauki nauyin tsaro. Sharuɗɗan Kuwait ne aka maimaita, shugaban ƙasa a mazaunin shaihu. Da Shugaba Diori Hamani ya matsa a ƙara kuɗin yuraniyom, sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, dakarun Faransa da ke Yamai ba su ɗaga yatsa ba.

Kammalawa

Darasin ɗaya ne a fadar Maraɗi da ta Damagaram da ta Yamai: mai kariya yana tare da kai muddin kaya na fita a farashin da ya so. A 2010 an ɗaga sarautun Katsinan Maraɗi da Gobir zuwa matsayin sultan, yau kuma Nijar na haƙo fetur a Agadem tana tace shi a Damagaram tun 2011, sababbin abokan hulɗa na zuwa da nasu alkawuran. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da su, wajibi ne a bayyana ta ga jama'a, a kuma bar majalisa da kotu da masu naɗin sarki da ikonsu na cewa a'a. Shugaban da mutanensa za su iya tuhuma shi ne baƙo ba zai iya saye da alkawarin tsaro ba.