Gambo Sawaba: shugabar matan da ba su da ƙuri'a

Dattawan Madawa, Buza da Kaita idan suka ji kalmar “Sawaba”, jam'iyyar Jibo Bakari suke tunawa, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Amma a tsallaken iyaka, a Arewacin Najeriya, kalmar ta riga ta zama kirarin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, har ta zama sunan wata mata da sarakuna da alƙalai suka rasa yadda za su yi da ita.

Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, kuma da yake bayan tagwaye ta zo, sai aka kira ta Gambo. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Karatunta na boko bai yi nisa ba, aka aurar da ita tana da shekara 13. Tana da kamar 17 ta shiga NEPU a Zariya, a lokacin da shiga wannan jam'iyya ke nufin jan faɗa da Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, da fadar sarki, da ɗan doka, da kotun alƙali gaba ɗaya. Ba da jimawa ba matan jam'iyyar suka zaɓe ta shugabarsu. Ta kuma yi takakkiya har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, don ta ga yadda matan can suka haɗa kansu.

Abin mamakin rayuwarta shi ne, jam'iyyar da take wa yaƙi, ita kanta ba ta da ikon jefa mata ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa kuwa an hana su. Matan Nijar ma sun riga su, domin dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Saboda haka aikin Gambo bai tsaya ga neman ƙuri'a ba. Gida gida take shiga, inda maza ba su iya kaiwa, tana yi wa matan kulle bayanin haraji, da aikin tilas, da aurar da yara ƙanana, da amfanin karatu. Wannan shiga gidajen ne ya fi ɓata wa masu mulki rai, fiye da duk wata lacca ta dandali.

A Kano, farkon shekarun 1950, aka kama ta da mata masu yawa bisa zargin taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. An ƙirga ɗaurinta sau 16 a tsawon gwagwarmayarta, ban da dukan da ta sha a hannun ƴan bangar siyasa. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnatin Arewa ba har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966, wato ta sha wannan wuya ba tare da kujera na jiranta ba.

Sai a 1976 matan Arewa suka sami ƙuri'a, a ƙarƙashin mulkin soja. Da siyasa ta dawo a 1979, ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP ba. GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba na ƙasa, kuma can ma a adawa ta zauna.

Allah ya yi mata rasuwa a Zariya cikin Oktoban 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.