Masu Hula Ruwan Toka: Mutanen da Aka Kora Ƙarƙashin Ƙasa

Tun 1864, lokacin da Jules Verne ya kai matafiyansa dajin manyan laimar kwaɗi a cikin cikin ƙasa, marubuta ke ƙaga duniyar da laimar kwaɗi da fumfuna suka mamaye. A wurin Verne dajin abin kallo ne kawai. A littafin City of Saints and Madmen na Jeff VanderMeer, ɗan Amurka, wanda ya fito a 2001, mun tarar da al'umma guda a irin wannan duniya, wato masu hula ruwan toka.

Gajeru ne, kuma su ne mutanen farko a birnin Cinsorium da ke bakin kogin Moth. Laimar kwaɗi ce nomansu, ita ce makaminsu. Wata rana wani ɗan fashin teku mai farautar kifin whale, Manzikert, ya sauka da jama'arsa, ya yi musu kisan kiyashi, ya sauya wa birnin suna zuwa Ambergris. Waɗanda suka tsira suka shige ramuka. Manzikert ya bi su, ya dawo ba idanu.

Shekaru suka shuɗe, baƙi suka zama 'yan gari. Sai aka wayi gari rundunar jiragen ruwan birnin ta dawo daga kamun kifi ta iske gidaje wayam, mutum 25,000 sun ɓace ba ko gawa. Wannan rana suka kira Shiru. Duk da haka aka ci gaba da zaman doya da manja: masu hula na barci da rana, su fito da dare su share titunan waɗanda suka ƙwace musu gari. A littafin Finch na 2009 kuwa, sun fito sun karɓe mulki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne bakin da muka ji labarin. Masanin tarihin birnin, Duncan Shriek, ya dogara ne da kundin wani malamin addini, Samuel Tonsure, wanda ya zo tare da maharan. Ko sunan da muke kiransu da shi ma baƙi ne suka laƙaba musu saboda hularsu. Mun san yawan waɗanda suka ɓace ranar Shiru domin danginsu ne ke riƙe da alƙalami. Duk lokacin da muka buɗe tarihin kafuwar wani birni, ya kamata mu tambayi su wa aka tarar a wurin, kuma wa ya ƙirga matattunsu.